Kilo 13 da Sakan 4: Yadda Ake Ƙera Makamin da Soja Ɗaya Ke Tare Tanka da Shi

Tankar yaƙi ta zamani tana kai nauyin tan 45 zuwa 70, kuma igwarta na iya samun abin da ke nesan kilomita 2 a harbin farko. Sojan ƙasa kuwa iyakarsa abin da kafaɗarsa za ta ɗauka. Bayan bindiga da harsasai da ruwa da rigar sulke, in aka ɗora masa ƙarin kilo 15 ba zai yi doguwar tafiya ba, ballantana ya hau bene da gudu ko ya ja ciki a cikin rami. Duk wanda ya zauna zai ƙera makami mai linzami na kusa, wanda mutum ɗaya zai ɗauka ya fasa tanka da shi, da wannan ƙuncin yake farawa. Kowane giram da aka ba nakiya an ƙwace shi ne daga injin roka ko daga na'urar saiti, kuma kowane sakan da makamin ya ƙara a iska, maharbi ne ke biyansa da tsayuwa a gaban wuta.

Akwai giɓin da ya haifar da wannan rukuni na makamai. A ƙasa akwai roka marar linzami irin RPG-7, wadda Tarayyar Sobiyet ta shigo da ita a 1961. Tana da sauƙi da arha, amma da ta bar bututu ba ta ƙara jin maganar kowa. Tankar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin sama da mita 8 a kowane sakan, kuma kafin roka ta kai mita 300 tankar ta gusa fiye da tsawon jikinta. Dole maharbi ya ƙiyasta nisa da gudu da iska a lokaci guda, ga shi kuma RPG-7 tana da wata ɗabi'a mai ruɗa sabon hannu: iskar gefe tana tura jelarta, sai hancinta ya juya ya fuskanci inda iskar ke fitowa, ta karkace zuwa can maimakon ta bi iskar. A sama kuma akwai manyan makamai masu cin dogon zango. Malyutka, wanda sojojin Masar suka yi wa tankokin Isra'ila ɓarna da shi a Sina'i a watan Oktoban 1973, yana kai kilomita 3, amma ƙasa da mita 500 kusan ba shi da amfani, domin kafin mai sarrafa shi ya lalubo shi a madubin saiti ya dawo da shi kan layi ya riga ya wuce wurin. To a cikin gari, ko kurmi, ko ƙasa mai tudu da kwari, a wannan tazarar ce ake fara ganin tanka. Eryx na Faransa, Metis na Sobiyet, Dragon na Amurka da NLAW na haɗin gwiwar Suwidin da Birtaniya duk amsoshi ne ga tambaya ɗaya, ta yadda za a cike wannan giɓin, kowanne da abin da ya yarda ya sadaukar.

Abin da ke huda sulken

Harsashin igwa yana huda ƙarfe ne da gudunsa da nauyinsa. Makamin kafaɗa ba shi da ko ɗaya, don haka da dabara yake aiki. A cikin kansa akwai mazurari na jan ƙarfe, faɗin bakinsa na kallon gaba, an lulluɓe bayansa da nakiya. Idan nakiyar ta tashi daga baya, sai ta matse bangon mazurarin zuwa tsakiya ta ko'ina a lokaci ɗaya, ƙarfen ya rasa mafita sai gaba, ya tsarto a matsayin siririn tsinke wanda tsininsa ke gudun kilomita 8 zuwa 10 a sakan. Sau da yawa a kan ji ana cewa wai narkar da sulke yake yi. Zafi ba shi ne ke aikin ba. Matsin da tsinken ke yi a ɗan ƙaramin wuri ya ninka ƙarfin ƙarfen sau da yawa, har sulken ya riƙa darewa gefe kamar laka a ƙarƙashin ruwan famfo mai ƙarfi. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Charles Munroe, ya lura da asalin wannan a 1888, amma sai a Yaƙin Duniya na Biyu ya zama makami.

Fa'idar farko ita ce hudawa ba ta dogara da gudun makamin ba. Ko a hankali ya iso, aikin ɗaya ne. Amma akwai sharuɗɗa uku, kuma su ne suka ba waɗannan makamai siffarsu.

Na farko faɗi. Zurfin huda yana bin faɗin mazurari, a ƙira mai kyau kamar ninki 6 zuwa 7. Metis na farko, na 1979, faɗinsa milimita 94, yana huda kamar milimita 460 na ƙarfe. Da sulke ya ƙara kauri, sai Metis-M na 1992 ya koma milimita 130. Eryx milimita 136 ne, ana lissafa masa milimita 900. NLAW ya kai 150. Shi ya sa za ka gan su gajeru masu ƙiba, kuma ƙibar tana da farashi: iska tana riƙe su, zango yana raguwa. Na biyu tazara. Tsinken yana bukatar ɗan fili tsakanin mazurari da sulke domin ya miƙe ya yi tsawo kafin ya taɓa. In nakiya ta tashi a manne da ƙarfe, tsinken bai gama haɗuwa ba. In ta tashi da nisa sosai, ya kakkarye ya warwatse. Na uku, kada makamin ya riƙa juyawa da sauri kamar harsashin bindiga, domin juyin yana watsa tsinken.

Ramin da ake samu bai fi a zura yatsa ɗaya ko biyu ba. Abin da ke kashe tanka shi ne abin da ya faru a bayan ramin: ragowar tsinke da tartsatsin sulken da ya ɓalle daga ciki, da kuma abin da suka tarar. In sun faɗa kan harsasai ko mai, an gama. In sun ratsa wurin da babu kowa kuma babu komai, tankar na iya ci gaba da harbi da rami a jikinta. Tankokin zuriyar T-72 ta Sobiyet suna jera harsasansu a da'ira a ƙarƙashin kan da ke juyawa, inda mutanen ke zaune a bisansu, shi ya sa hudar da ta kai wurin kan cilla kan tankar sama gaba ɗaya. Lambar milimita da kamfani ke bugawa a takardar talla tana faɗin ko za a shiga ne kawai, ba ta faɗin abin da za a tarar a ciki.

Masu tanka ba su naɗe hannu ba. A yaƙin Labanan na 1982 Isra'ila ta fito da tankoki ɗauke da akwatunan Blazer, daga baya Sobiyet ta biyo da Kontakt-1 da Kontakt-5. Kowane akwati faranti biyu ne na ƙarfe da siririyar nakiya a tsakani. Da tsinken ya taɓa, nakiyar ta tashi, farantan su ratsa hanyarsa a karkace su daddatse shi. Amsar da aka bayar ita ce kai biyu a jere: ƙaramin mazurari a hanci wanda zai tayar da akwatin ya share hanya, sai babban ya tashi bayan ɗan ƙanƙanin lokaci ya bi ta wurin. Wahalar tana cikin wannan ɗan lokacin da kuma kare babban daga fashewar ƙaramin. A nan injiniyoyin kamfanin Aérospatiale na Faransa suka yi wa Eryx dabara mai kyau. Maimakon su sa dogon tsini a hanci don samar da tazara, sai suka ajiye ƙaramin kai a gaba, injin roka a tsakiya, babban kai a can baya. Jikin makamin da kansa ya zama tazarar, ba tare da an ƙara tsawo ko nauyi ba.

Akwai kuma hanyar kauce wa gardamar gaba ɗaya. Sulke mai kauri yana gaba ne, inda ake sa ran harbi. Rufin tanka 'yan santimita ne, domin in aka yi masa kauri irin na gaba tankar ba za ta motsa ba. NLAW yana bi ta saman tankar da tazarar kamar mita 1, na'urar maganaɗisu da ta haske su ji cewa ga tulin ƙarfe a ƙasa, sai kan ya fashe yana kallon ƙasa. Ana lissafa masa hudar sama da milimita 500, wadda ba ta kai ta Eryx ba, amma a kan rufi ta yi yawa ma. Har tankar da ta ɓoye jikinta a bayan tudu, kanta kawai ke leƙe, ba ta tsira ba.

Fita daga bututu

Roka ta gargajiya tana watso wuta da iska mai zafi ta bayan bututu har mita da dama. A fili, wannan yana tona asirin maharbi da ƙura da walƙiya. A cikin ɗaki kuwa matsin yana dawowa daga bango ya fasa dodon kunne, ya ƙona, ya ma kashe. Tunda yaƙin kusa yawanci a cikin gine-gine ake yinsa, sai aka raba tashin gida biyu. Ƙaramin inji yana tunkuɗa makamin waje, kuma yana gama ci tun kafin makamin ya bar bututu, don kada wuta ta taɓa fuskar maharbi. Makamin ya yi 'yan mitoci a iska ba wuta, sannan babban inji ya kama.

Eryx yana fita da gudun mita 18 a sakan, wato kamar kilomita 65 a awa, gudun mota a titi. Sai a ƙarshen mita 600 yake kai mita 245 a sakan. Wannan sanyin fita ya warware matsala ɗaya ya haifi wata. Ƙarfin da fiffike ke samu daga iska yana bin gudu ne a ninke da kansa, don haka a lokacin fita fiffiken Eryx yana da kusan kashi ɗaya cikin 185 na ikon da zai samu a ƙarshen tafiya. Abu mai nauyin kilo 10 da 'yan kai, mai ƙiba, yana tafiya a hankali, kuma fukafukansa ba sa kama iska: ƙasa zai nufa. Sai aka fitar da hayaƙin babban inji ta gefen jiki, daidai tsakiyar nauyin makamin, aka sa ƙananan faifai da ke shiga cikin hayaƙin suna karkata shi. Makamin yana juyawa a hankali, na'ura tana zaɓar daidai lokacin da faifan zai motsa domin turin ya tafi inda ake so. Tunda a tsakiyar nauyi ake tura shi, ba sai ya juya hanci ba kafin ya gusa gefe, kuma yana amsa umarni tun daga mitocin farko. Wannan ne ya ba shi damar fara aiki daga mita 50.

Dragon, wanda ya shiga hannun sojojin Amurka a 1975, ya bi wata hanya dabam. An jera masa ƙananan rokoki 60 a jiki, biyu-biyu suke tashi, kowane tashi yana tura shi gaba yana kuma gyara masa hanya. Ana jin sa yana tafe yana fas-fas-fas. Matsalar ita ce rokokin ƙidayayyu ne. Maharbin da hannunsa ke rawa yana sa na'ura ta yi ta gyara, rokokin su ƙare da wuri, makamin ya faɗi kafin ya kai.

Kada a ɗauka cewa fita a sanyaye ta sa harbi daga ɗaki ya zama ba hatsari. Ɗakin yana bukatar girma, da ƙofa ko taga a buɗe don matsi ya samu mafita, a kwashe gilashi da tarkacen da iska za ta ɗauka, kowa ya toshe kunne. Wani kuskuren kuma shi ne na bakin taga. Madubin saiti yana gefe ko saman bututu, don haka ido na iya ganin hanya a buɗe alhali bakin bututu yana kallon bango, kuma makamin kan ɗan sunkuya kafin babban inji ya kama. Akwai kuma mafi ƙarancin zango, mita 20 a NLAW, 40 a Metis, 65 a Dragon. Da gangan aka hana kan makamin farkawa sai ya yi nisa da wanda ya harba shi. Tankar da ta shigo ƙasa da wannan tazarar, dunƙulen ƙarfe kawai za a jefe ta da shi.

Wa ke riƙe da linzamin

A nan ne ainihin bambancin yake, kuma a nan ne ake rasa rayuka ko a tsira.

A zamanin Malyutka mutum ne ke tuƙa makamin da ɗan sanda a hannu, idonsa ɗaya a kan tanka, ɗaya a kan wutar jelar makami. Aiki ne da ke bukatar horo mai tsawo da zuciya mai sanyi. Dragon, Metis da Eryx sun sauke masa rabin nauyin. Maharbi aikinsa ɗaya ne: ya ajiye giciyen madubi, wato alamar saiti da ke tsakiyarsa, a kan tanka, kada ya ɗauke. A jelar makami akwai fitila mai fitar da hasken zafi wanda ido ba ya gani. Na'urar harbi tana kallon fitilar, tana auna yadda ta kauce daga tsakiyar giciye, tana lissafa gyara, tana aika umarni ta siririyar waya sau da yawa a kowane sakan. Wayar a jikin makami take a naɗe, tana warwarewa yana tafiya, don haka kwanciya take yi a ƙasa, ba jan ta ake yi ba. Kyawun tsarin shi ne kayan tsada suna zama a na'urar harbi, wadda ake sake amfani da ita. Masu ƙera Metis a birnin Tula sun kai wannan tunanin ƙarshe, suka rage kayan lantarkin cikin makamin iyakar iyawa don ya yi arha a yi shi da yawa. Waya kuma ba ta jin na'urar toshe rediyo.

Amma dubi abin da ake nema daga mutum. A nisan mita 600, karkatar digiri ɗaya tak tana zama kuskuren sama da mita 10. A daidai lokacin harbi, nauyin kilo 10 yana barin kafaɗarsa farat ɗaya, jikin da ya daɗe yana tokare da nauyin ya zabura, ƙara ta daki kunne, hayaƙi ya rufe madubi na ɗan lokaci. Na'ura ba ta san zabura ba, duk inda giciye ya nufa nan take aika makami. Wannan ya addabi Dragon ƙwarai, inda maharba da yawa suka riƙa dasa makamin a ƙasa 'yan mitoci a gabansu. Kuskure na biyu na ido ne: da wutar makami ta bayyana a madubi, ido yana so ya bi ta, hannu ya bi ido, giciye ya bar tanka. Shi ya sa malaman horo ke nanata cewa a manta da makamin, a kalli tanka. Shi ya sa kuma Eryx, duk da ana iya harba shi daga kafaɗa, yake zuwa da mazauni mai ƙafa uku na kilo 4 da rabi don harbin nesa. Ita ma wayar tana da abokan gaba: reshen itace, shingen ƙarfe, wayar lantarki, da ruwa mai faɗi da za ta kwanta a ciki.

Sai lokaci. Dragon yana ɗaukar kimanin sakan 11 kafin ya kai mita 1,000. Bindiga mai jigida tana zubo sama da harsashi 10 a sakan, wato fiye da 100 kafin makamin ya isa, kuma duk tsawon lokacin maharbi yana zaune ba motsi a wurin da ƙura ta riga ta nuna. Tun 1973 masu tankokin Isra'ila suka gano cewa ba sai an sami maharbin ba, ya isa a sa shi ya sunkuya. Da an ga walƙiya sai kowa ya buɗe wuta wajen, tankoki su yi ta kwana-kwana suna tayar da ƙura. Eryx ya rage zango zuwa mita 600 ya sauko da lokacin zuwa sakan 4 da 'yan kai. A ganina wannan ragin ya fi duk wani ƙarin milimita na huda daraja, domin makamin da bai isa ba bai huda komai ba.

NLAW, wanda kamfanin Saab na Suwidin ya tsara ake harhaɗa shi a Belfas, ya shiga aikin sojan Birtaniya a 2009 da wani tunani na dabam. Babu waya, babu ido a hancin makami. Maharbi yana bin tankar da madubi na sakan 3 ko makamancin haka kafin ya danna. A wannan lokacin na'urar jin juyi da ke cikin makamin tana auna saurin da bututu ke karkata. Bayan harbi, makamin yana bin layin da ke ci gaba da karkata da wannan saurin. Hikimar ita ce ba a bukatar sanin nisa: matuƙar tankar ta ci gaba da tafiyarta, tana kan layin, kuma makamin zai riske ta a duk inda take a kansa. Maharbi ya jefar da bututun ya bar wurin tun makami yana iska. Duka nauyin kilo 12 da rabi ne, zango mita 20 zuwa 600, sababbin samfura har 800. Rauninsa a bayyane yake. In tankar ta taka burki ko ta yi kwana bayan harbi, makamin bai sani ba, sai dai tafiyar gajera ce, kuma tan 45 ba ya sauya ra'ayi cikin sakan 2. In bin da maharbi ya yi yana da tsalle-tsalle, lissafin ya lalace tun daga tushe. Kuma na'urar maganaɗisu ba ta bambance ƙarfe da ƙarfe: ƙonanniyar mota da ke kan hanya na iya tayar da kan kafin lokaci, shi ya sa aka sa maɓallin jinkirta farkawarta har makami ya wuce abin da ke kusa. Akwai kuma zaɓin harbi kai tsaye don bango da motoci marasa sulke, kuma wanda ya manta ya sauya maɓalli zai ga makaminsa ya tsallake abin da ya nufa. Birtaniya ta aika wa Yukiren kimanin 2,000 a watan Janairun 2022, kuma abin da ya sa suka yi tasiri a makonnin farko har da cewa ana koya wa mutum amfani da shi cikin ɗan lokaci.

Mataki na ƙarshe shi ne a sa wa makamin idonsa. Javelin na Amurka, na 1996, yana da kyamarar zafi a hanci, ana nuna masa hoton tanka ya riƙe, ya tashi sama ya faɗo mata a ka. Amma ya haura kilo 22, yana kai mita 2,500, ya fita daga rukunin na kusa. Sai an sanyaya idonsa da iskar gas kafin harbi, kuma da an kunna kwalbar sanyayawar, minti 4 ne kawai a hannu. Spike-SR na kamfanin Rafael ya kawo wannan tsarin cikin nauyin kusan kilo 10 da ido marar bukatar sanyi. Farashin shi ne kowane harbi yana ƙona kyamara da kwamfuta. Idon zafi kuma yana da lokacin makanta: da asuba da magariba akwai ɗan lokacin da zafin jikin tankar da ke a kashe yake daidaita da na ƙasar da ke kewaye da ita, hoton ya dushe, na'ura ta kasa riƙewa.

Abin da tanka ke yi, da abin da ajiya ke yi

Hayaƙi shi ne kariya mafi arha, kuma na zamani yana toshe har kyamarar zafi. Rasha ta sa wa wasu tankokinta Shtora, fitilu biyu a gefen igwa masu kwaikwayon fitilar jelar makami, don na'urar harbi ta rikice ta aika gyaran ƙarya. Maganinsa shi ne fitilar da ke ƙyaftawa da wani tsari na musamman wanda na'urar harbi kaɗai ta sani, kamar yadda aka yi wa Eryx. Kejin ƙarfe da ake kewaye motoci da shi an yi shi ne musamman don RPG-7, yana murƙushe hancinta ya lalata hanyar wutar da ke tayar da nakiya, amma a kan babban kai biyu amfaninsa kaɗan ne. Mafi tsanani shi ne irin Trophy na Isra'ila, wanda ya fara kakkaɓo makami a fagen daga a 2011: rada tana ganin abin da ke tafe, a harbe shi a iska, a kuma nuna wa tankar inda ya fito. Makami mai tafiya ƙasa da gudun sauti abinci ne mai sauƙi gare shi. Duk da haka, babbar kariyar tanka daga makamin mita 600 ita ce sojojin ƙasa da ke tafiya tare da ita suna share gine-gine da bakin daji. 

Wasu makaman kuma tun a rumbu suke mutuwa. Makamin yana zuwa a rufe cikin bututunsa, wanda shi ne akwatin ajiya kuma shi ne bakin harbi, kuma an tsara NLAW ya yi shekara 20 a haka. Amma in bututu ya faɗo daga bayan mota, ƙullin makamashin roka na iya tsagewa a ciki ba a gani, ya ci wuta ba bisa tsari ba ranar harbi. Murfin da ya fashe yana shigar da danshi. Zafin rana na yau da gobe yana tsufar da makamashi, sanyi mai tsanani yana kashe batir, kuma na'urar harbi ko kyamarar dare ba batir kaya ne kawai. In an danna bai tashi ba, ƙa'ida ita ce a ci gaba da nuna shi wajen abokan gaba a jira, domin wani lokaci wutar jinkiri ta yi, kuma wanda ya yi saurin sauke shi yana iya harba shi cikin 'yan uwansa. Saboda tsada, soja na iya gama shekarun aikinsa bai harba na gaske fiye da ɗaya ko biyu ba, sauran duk a na'urar kwaikwayo, wadda ke koyar da bin tanka da kyau amma ba ta iya kwaikwayon zaburar kafaɗa sosai.

A aikace, da yawa daga cikin waɗannan makamai ba tanka suke samu ba. Ana harba su kan gidan da aka kafa bindiga, ko ramin da aka yi wa rufin kankare. Eryx yana ratsa kankare mai kaurin mita 2 da rabi, Metis-M kuma yana da wani kai na dabam mai fashewar matsi da zafi don irin wannan aikin. Tun 2022 ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗauke da kan roka sun karɓe wani ɓangare na aikin farautar tanka, da arha kuma daga nesa. Sai dai da yawa daga cikinsu da rediyo ake tuƙa su, ana toshe su, iska da ruwan sama suna hana su tashi, kuma suna bukatar mai tuƙi da ya ƙware. Makamin waya ko na lissafin layi ba ya jin toshiyar rediyo, kuma yana shirye cikin 'yan sakanni a hannun wanda tanka ta ɓullo masa a kan kwana.

Lissafin kaya shi ke yanke yawan harbin da za a samu. Mutum biyu masu Eryx, in suka ɗauki makami 3 na kilo 13 kowanne, da na'urar harbi ta kilo 4 da rabi, da mazauni, da kyamarar dare, sun haura kilo 50 kafin a ƙirga bindigoginsu. Rukunin tankoki ɗaya kuwa yakan zo da tanka 10 zuwa 14. Shi ya sa ba a aje maharban a gaban tanka inda sulke ya fi kauri. Ana raba su gefe-gefe, biyu ko uku su haɗu a kan tanka ɗaya, kowace tawaga da wurin harbi na biyu da ta riga ta duba, da hanyar zuwa can wadda ba a hango ta daga titi, da kuma wanda zai kawo ƙarin bututu daga baya kafin na ukun ya fita.